Ranar da Na Janye Kwanona daga Ciyayya

Salamu alaikum. Masu tambaya ko na mutu ne, ga ni nan, sai dai an rage ni kaɗan.

Abin ya faro da zafin ciki da saurin ƙoshi. Ni da nake share malmala ina neman ƙari, sai 'yar loma ta ishe ni. Na ce gyambon ciki ne, na kama jiƙa kanwa. Sai da na yi aman jini ɗiyata Binta ta tasa ni asibiti.

Aka zura mani roba mai kyamara ta maƙogwaro, aka tsinko nama aka kai awo. Likita ya ce kansar ciki ce, irin wadda ba a cika gani ba, mai alaƙa da wata ƙwayar bairos da ake ɗauka ta yawu.

Maganar yawun nan kaɗai na riƙe.

Mu a cikin birni ciyayya muke yi. Tun zamanin da kuɗin fetur suka shigo, kowa ya sayi babur yana hura hanci, muke fito da kwanoninmu zauren maƙwabcina Alhaji Sule bayan magariba. Hannu a kwano ɗaya, baki a moɗa ɗaya. Na ce ba zan kashe bayin Allah ba. Na janye kwanona, ban gaya ma kowa dalili ba.

Alhaji Sule ya tare ni a ƙofar masallaci. "Malam Isa, miyarmu ce ta yi maka tsami, ko fanshon ne ya fito?"

Na yi dariya na wuce.

Aka yanke mani rabin tumbi, gonar gado ta tafi, maganin da ake ɗura mani ya kwashe gashina har gemuna. Na ji tsoro ƙwarai. Ina can kwance Alhaji Sule ya rasu. An ce kullum sai ya sa an bar mani gurbina a tabarma.

Da aka ce na warke, na tambayi likita yaushe zan iya ci da mutane.

Ya ce, "Baba, wa ya hana ka? Ƙwayar nan kusan kowa na ɗauke da ita tun yana yaro. Ita kansar kuwa ba a ɗaukarta a kwano."

Na daɗe ban tashi daga kujerar ba.

Alhamdu lillahi. Binta, likitoci da nas-nas, Allah ya saka maku. Jama'a, ciwon cikin da ya ƙi jin magani, a kai shi awo. In likita ya yi bayani, ku tambaya har ku gane. Kuma ku gaya ma abokan cin tuwonku abin da ke damunku tun suna nan.

Ku sa Alhaji Sule a addu'a.