Kitson da Ban Yi wa Yaya Ba

Ni bahaguwa ce, kitsona ma bahago ne. Duk kan da na kama, sai layukan sun karkace gefe guda. A ƙauyenmu, can bayan Minjibir, mata ba sa tambayar wa ya yi miki kitso. Ɗankwali na zamewa sun gane hannun. Nawa kuwa ko makauniya ta shafa ta san mai shi.

Yayata ce gwanar. Ita ta raine ni bayan rasuwar Inna, a cinyarta na girma, ina kukan tsifa tana ƙwala mini kibiyar kitso a ka. Ta yi aure a birni, shekarar da mijinta ya rasu ta dawo gidan Baba da akwati ɗaya da tarin da ya ƙi jin magani. Ni na raka ta asibiti. Ina zaune kusa da ita ma'aikaciyar ta ce tana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Matar ta yi mana bayani dalla-dalla: ba a ɗauka a kwano, ba a ɗauka a moɗa, ba a ɗauka don an taɓa mutum. Da bakina na tambaya, kitso fa? Ta ce ko wuni zan yi a kan, babu komai. Na faɗi wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri da rashin sani. Na sani sarai.

Magani ya karɓi Yaya. Kafin lokacin kaka ya zo ta yi kumatu, tana surfe, tana ɗaukar damin gero kamar ba ita ba. Sai dai wata maƙwabciyarmu ta gan ta a layin karɓar magani, zancen duniya kuwa ba ya ɓuya. Matan da ke cika tsakar gidan Baba suna jiran layin kitso suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta zage ta. Gaisuwa ma ƙara mata tsawo suka yi, amma daga bakin ƙofa.

Duk wannan ta shanye. Abin da ya gagare ta shi ne kanta, don gashin Yaya mai cika ne, mai tauri, ba irin wanda mace za ta kama da kanta ba.

"Auta," ta ce mini wata rana, "in kin samu sarari ki zo ki kama mini kan nan, ko kalaba huɗu ce."

"To, Yaya, bari in gama da gyaɗar nan."

Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, rabin garin daga hannuna suke ci. Uwar mijina kuma ta riga ta yar mini da magana, tana tsince wake ba ta ko dube ni ba: "Hannun da ke murza ƙuli, a san inda ake sa shi." Gyaɗa ta ƙare, na ce 'yar da nake goyo na zazzaɓi. Ta warke, na ce yatsana ke ciwo. Ina kai mata tuwo, mu shige ɗaki mu ci a kwano ɗaya, mu yi hira har da dariya. Tuwo a ɗaki yake ƙarewa. Kitso kuwa mako biyu yake yi a kan mutum yana shela.

Karo na ƙarshe da ta roƙe ni, za a yi suna a gidan kawunmu. Ta ce tana so ta shiga cikin mata ita ma, ta gaji da zama kamar mai takaba. Na ce gobe da hantsi ina nan tafe. Ban je ba, ita ma ba ta zo sunan ba. Da aka tambaye ni ita, na ce kanta ke ciwo.

Daga nan ba ta sake tambaya ba, shirun nan kuma ya fi roƙon cina. Kunya ta hana ni sakat. Bayan mako uku na ƙulle kibiya da mataji da ɗan man shanu a gefen zani na tafi. Ko a ranar ma, Allah ya yafe mini, ina tafe ina tunanin yadda zan karkata layukan dama don kada a gane hannuna.

Na same ta tana sheƙar dawa, na kwance ƙullin.

"Yaya, kawo kan."

Ta daɗe tana kallon abin da ke hannuna. Sannan ta ajiye ƙwaryar ta zare ɗankwali. Kan fes, babu ko sili ɗaya, ga yanka biyu a ƙeya inda idonta ba ya kaiwa.

"Ya dunƙule ne, har ya fara wari," ta ce. "Na aika wa wanzami, ya ce askarsa ta dakushe. Da reza na yi. Koma da man ki shafa wa 'yarki."

Ta mayar da ɗaurinta ta ɗauki ƙwaryar. Na tsaya ina kuka, ba ta rarrashe ni ba.

Yaya tana nan da ranta, tana shan maganinta, ta ma fi ni lafiya. Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe. Gashin yana tsirowa, amma har yau ba ta taɓa barinsa ya kai tsawon da yatsa zai kama ba.