Malam Nata'ala Mai Wayarin da Ɓerayen Motar Malam Modu

Idan aka sallame sallar Asuba a masallacin unguwarsu da ke Jakara, Malam Nata'ala ba ya komawa barci. Yakan zauna a soro yana jan carbi har gari ya yi haske, ya sha kokonsa da ƙosai, sannan ya ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan keke ya miƙa Ƙofar Ruwa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyaran wayar mota, amma bai taɓa mallakar mota ba. In direbobi suka tsokane shi da haka, sai ya yi dariya ya ce, "Ai wanzami ba ya son jarfa."

Rumfarsa ba wata abar kallo ba ce: kwano shida, benci ɗaya, da rediyon da ya jona da tsohon batir. Abin da ya bambanta shi da sauran masu wayarin shi ne, in aka kawo masa mota, kafin ya ɗauki filaya sai ya buɗe ƙofa ya sunkuya ya shanshana. Maharazu direban tasi ya sha ba da labarin haɗuwarsu ta farko. Fitilar motarsa ce take ta ɗaukewa, an canja masa fis sau uku a wurare uku, ba ta daina ba. Malam Nata'ala ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ɗago ya dube shi.

"Kana cin gyaɗa a cikin motar nan?"

"Ina ci, Malam. In na shiga layin mai da ita nake rage zafi."

"To, ba kai kaɗai kake ci ba."

Ya zura hannu ya zaro tarin soso da ɓawon gyaɗa, da wayar da aka gwaguye har jan ƙarfenta ya fito. Tun daga ranar Maharazu bai sake kai motarsa wani wuri ba.

A ƙarshen watan nan Malam Nata'ala zai ajiye aiki. Ba wanda ya ce ya ajiye. Idonsa ne ya fara gaza raba jar waya da mai ruwan ƙasa, ya ce ba zai jona wutar motar mutane bisa tsammani ba. Kafin ya rufe rumfar, ya kamata mutane su ji aikin da ya yi a Gwale a farkon daminar bana, domin shi ba zai faɗa da bakinsa ba.

Malam Modu tsohon direba ne, asalin iyayensa mutanen Barno, amma a Gwale aka yanke masa cibiya. Da ya bar aiki ya sayi farar fijo, ya riƙe ta kamar 'yar da ya haifa, kuma Malam Nata'ala ne mai duba masa wayarta. Da wahalar mai ta tsananta a zamanin soja, sai ya shigar da ita gareji ya rufe, ya ce sai abubuwa sun daidaita. Kafin su daidaita ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hannun dama da ƙafar dama suka daina motsi, harshe ya yi nauyi, magana ta koma gurnani, har ya gaji da yadda ake cewa "Me ka ce?" ya yi shiru gaba ɗaya. Motar ta shekara biyu a rufe. Matarsa, Ya Falmata, ta riƙa ajiye buhunan gero da masara a gefenta, tunda gida ba wani wurin.

Likita ya ce sai an riƙa kai shi asibiti gashin ƙashi sau biyu a mako, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Ɗaukar shatar tasi kullum ya fi ƙarfin gidan. Ɗansu Hamza, malamin makarantar firamare, ya buɗe gareji don ya ga ko motar za ta tashi. Wari ne ya fara korar sa. Ɓeraye suka watse ta ko'ina, wasu ta ƙarƙashin bonet, wasu ta cikin kujera. Masu gyara biyu suka zo suka duba, kowa ya kaɗa kai. Wani mai sayen tsofaffin motoci ya ce a ba shi ya yanka ya sayar da ƙarafan. Hamza ya amince, don bai ga wata hanya ba.

Ya Falmata ce ta ƙi. Da hantsi ta yafa mayafinta ta tafi Ƙofar Ruwa da ƙafa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, tana tambaya har aka nuna mata rumfar. Malam Nata'ala ya kakkaɓe mata benci.

"Malam, ni ce iyalin Malam Modu na Gwale."

"Ikon Allah! Sannu da zuwa, Hajiya. Yaya jikin nasa?"

"Jiki da godiya. Amma jiya da ya ji ana cinikin motarsa a zaure, ya ƙi cin tuwo. Ya juya fuskarsa bango, har yanzu bai juyo ba. Ni ban san komai a mota ba. In ka duba ka ce ta mutu, na haƙura. Daga bakinka nake so in ji."

Malam Nata'ala ya dubi ƙasa. Ya san irin aikin da ɓera yake yi wa motar da ta kwana biyu a ajiye, balle shekara biyu kusa da hatsi. Ya kuma san halin da idonsa yake ciki. Amma ya tuna yadda Malam Modu yake goge motar nan da gefen rawaninsa in tsuntsu ya ɓata ta. Ya ce, "Ki koma gida, Hajiya. Ki ce masa Nata'ala yana tafe bayan Azahar. Ya ci abinci."

Abin da ya tarar ya wuce yadda ya zata. Ɓeraye sun cinye soson kujerar baya sun yi gida a ciki. Bayan dashbod wata sheƙar ce, da tsumma da takardu da 'yan jajayen jarirai. Wayar da ta tashi daga batir zuwa makulli ta zama guntu-guntu, robar birki ma ba su bar ta ba. Hamza ya miƙo ƙullin maganin ɓera da ya sayo a kasuwa. Malam Nata'ala ya mayar masa.

"Malam Hamza, akwai kaji a gidan nan, akwai jikoki masu rarrafe. Kuma in ɓera ya ci wannan, ba a fili zai mutu ba, can cikin ƙarfe zai shige ya ruɓe. Marar lafiya za mu saka a motar nan. Da me zai yi numfashi?"

"To yaya za a yi, Baba?"

"A fara da abin da ya kawo su. Ɓera ba son mota yake ba, gero ya biyo."

Ranar nan ba a taɓa waya ba. Aka fitar da buhunan, aka juye hatsin a ganguna masu murfi. Aka tura motar waje rana ta doke ta. Malam Nata'ala ya ɗaure hancinsa da ƙyalle, ya kwance kujeru, ya kwashe sheƙa ya ƙone, ya wanke ciki da ruwan zafi da sabulu. Ya bi bangon gareji da sanda yana ƙwanƙwasawa har ya gano ramuka huɗu da suka ɓulle ta kwata, ya cusa fasassun kwalabe ya liƙe da siminti. Ya ɗana tarkuna da busasshen kifi, ya aro kyanwar maƙwabta aka rufe ta a ciki. Kowace safiya kafin ya wuce rumfarsa sai ya biyo ta Gwale ya duba tarko, da la'asar kuma ya dawo ya kama waya.

Wayar ce ta ci masa rai. Ya zaga kasuwar Ƙofar Ruwa har ya samo damin wayar wata fijo da ta yi hatsari, ya zauna yana warware ta ɗaya bayan ɗaya. Inda launi ya rikice masa, sai ya fito da ita hasken rana, ko ya ɗaga murya ta bakin ƙofar cikin gida.

"Hajiya, don Allah a duba mini wannan. Ja ce ko ƙasa-ƙasa?"

"Ja ce, Malam, da ɗan ratsin fari."

"Madalla. Kin zama mai wayarin."

Ya Falmata ta ce daga ɗakinsa Malam Modu yana jin duk wannan, kuma a rana ta huɗu ya nuna da hannun hagu a juyo da gadonsa ya fuskanci ƙofa.

Kwana tara ana wannan. Ranar Juma'a ya gama jona komai, ya ce gobe za a tayar. Goben kuwa ita ce Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki ga farar hula. Unguwa ta cika da ƙarar rediyo, mutane sun yi cincirindo a ƙofar mai shayi ana sauraron rantsuwa, kowa yana faɗin abin da yake fata. Malam Nata'ala ya ɗaura batir, ya murɗa makulli. Ko tari motar ba ta yi ba. Sai wani siririn hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin dashbod. Ya yi wuf ya fizge kan batir.

Ya kwanta ya leƙa. Sabuwar wayar da ya jona jiya, an gwaguye ta. Hamza ya dafe kai.

"Baba, ka yi iya ƙoƙarinka. A haƙura haka nan."

"Ba laifin motar ba ne, nawa ne. Akwai ƙofar da ban rufe ba." Ya share gumi da hularsa. "Malam Hamza, soja ma da suka shekara goma sha biyar yau sun fita. Ɓera ne zai gagara?"

Ya kwance akwatin iskar da ke bayan dashbod, wurin da ya tsallake saboda ƙusoshinsa sun yi tsatsa. A nan uwar ɓerayen take, ƙatuwa, ta ƙi tarko ta ƙi kyanwa. Ta yi tsalle ta bi ta kan ƙirjinsa ta faɗa tsakar titi, samarin da ke wurin mai shayi suka bar rediyo suka bi ta da takalma. Ya yanko ragar ƙarfe ya toshe bakin akwatin da duk wata kafa da yatsa zai shiga, ya sake jona wayar ya naɗe ta. Azahar ta yi, ya je ya yi salla ya dawo. La'asar ta yi, ya je ya dawo.

Kafin ya sake murɗa makulli ya ce a fito da mai motar. Hamza da wani maƙwabci suka ɗauko Malam Modu a kujera suka ajiye shi a bakin zaure. Ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Malam Nata'ala ya durƙusa ya kama hannunsa na hagu suka gaisa, sannan ya shiga mota ya yi bisimilla. Ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta tashi. Baƙin hayaƙi ya cika lungu, yara suka ɗauki sowa.

Malam Modu bai yi murmushi ba. Ya karkata kai yana saurare, kamar yadda ya saba shekara arba'in a bakin aiki. Sannan ya buɗe baki, da ƙyar, amma kowa ya ji.

"Silo... ya yi... sama."

Wato injin yana gudu fiye da kima alhali mota tana tsaye. Malam Nata'ala ya fito da sauri ya ɗaga bonet, ya sa sukundireba ya rage, ƙarar ta kwanta.

"Haka, Malam Modu?"

"Haka."

A bayan ƙofa Ya Falmata ta toshe bakinta da mayafi. Wata goma sha ɗaya rabon da ta ji kalma daga bakin mijinta. Malam Nata'ala kuwa ya daɗe da kansa a cikin bonet, yana taɓa abin da ba ya bukatar taɓawa, har sai da idonsa ya bushe.

Ranar Litinin Hamza ya tuƙa mahaifinsa zuwa gashi. Yau wata shida ke nan ba su yi fashi ba. Hannun bai dawo ba, likita ya ce da wuya ya dawo. Amma Malam Modu yana dogara sanda ya taka zuwa masallacin ƙofar gida, kuma in Hamza ya saki kuloci da garaje, yana jin faɗa daga kujerar baya.

Malam Nata'ala, kai ne ka kwanta a ƙasan gareji cikin kashin ɓera, da furfurarka, don wata tsohuwa ta ce daga bakinka take so ta ji. Kai ne hayaƙi ya tashi a gaban jama'a ka ce laifinka ne, alhali da ka ɗora wa tsufan mota ba mai musa maka. Na Jakara, mai hannun zinare, ba a taɓa kiran sunanka a rediyon da kake saurare ba, amma ana kiran sa a addu'ar gidaje da yawa. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske, ya sa hutun nan ya zame maka na lafiya.

Yanzu an shiga sabon zamani, kowa ya zuba ido ya ga abin da manya za su gyara. Masu sana'a, ku dubi wannan dattijo ku ɗauki darasi: a nemo tushen ɓarna kafin a taɓa reshe, kuma a ji tausayin mai kaya fiye da kayan. Mu kuma da muka amfana da shi, kada mu jira ranar da za a ce Allah ya jiƙansa sannan mu fara yabo. Yana nan da ransa, gidansa na uku ne daga bakin masallaci, kunnensa garau. Mu je mu ce masa mun gode.