Mai Kushen Miya

A unguwarmu ta Baluty, idan ka tambayi mutum ya gida ya ce lafiya lau, to ko dai baƙo ne ko ya sha wani abu. Mu ƙorafi ne gaisuwarmu. Amma duk cikinmu ba wanda ya kama ƙafar Pan Alojzy, mijin Pani Gienia mai gidan abincin da ke ƙasan benenmu. A wajenmu Pan shi ne malam, Pani kuma malama.

Alojzy ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta. Daga nan ya ɗauko kujera ya dasa a bakin kicin ɗin matarsa, bai sake gusawa ba. Ba ya fere dankali, ba ya yanka kabeji, ko cokali bai taɓa ɗaurayewa ba. Aikinsa ɗaya ne: kafin a buɗe wa masu cin rana, Gienia ta zubo masa zurek, miyar nan tamu mai tsami, ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Gienia, gishirin ne ya yi tsada, ko ajiye shi kike yi sai ranar jana'izata?"

"Ci ka ba ni kwanona, tsohon banza. Uwarka ma haka take dafawa."

"Uwata ba ta taɓa zuba wa mutum ruwan wanka a kwano ba."

Sai ta koma ciki tana mita, mu kuma mu ji ƙarar murfin gwangwanin gishiri.

Mutane na cewa Allah ya jarrabi matar nan da miji. Ni dai na san abin da ba su sani ba, tun ranar da ta haɗa mini shayi da gishiri ta tsaya tana jiran godiya. Wata mura ce ta kwantar da ita wani hunturu, ta tashi ba ta jin ɗanɗano, ba ta jin ƙanshi. Kushen Alojzy shi ne harshenta. Idan ya ce ruwan wanka, ta ƙara gishiri. Idan ya ce an jiƙa takalmin soja a tukunya, ta san tsami ya yi yawa. Ta sa na rantse ba zan faɗa wa 'yarsu Jagoda ba, don ta san yarinyar za ta ɗauko kuku ta zaunar da ita gaban talabijin.

"Ranar da aka raba ni da tukunyar nan," in ji ta, "kawai a kira mini fadan coci ya yi mini addu'ar ƙarshe."

Sai ga Jagoda ta dawo daga Warsaw, babban birnin ƙasarmu, da takardar shaidar koyon tarbar baƙi da wani murmushi da ba ya sauka daga fuska. Ta ga wani ya rubuta a waya cewa abincin na da daɗi, amma akwai wani tsoho da ke cin mutuncin mai girki. Ta tsare ubanta a gabanmu.

"Baba, daga yau yabo za ka riƙa yi. In ba za ka iya ba, ka hau sama ka zauna."

Washegari ya kurɓi miya ya ce, "Ta yi daɗi," kamar ana zare masa haƙori. Amma su ma tsofaffin sun yi dabara: idan gishiri bai ji ba, zai yi tari. Sun manta mutumin da ya shekara da shekaru yana shaƙar ƙurar auduga ba ya neman dalili kafin ya yi tari. Ya yi tari, ta ƙara. Ya sake, ta ƙara. Har zurek ya koma abin da ko akuya sai ta nemi ruwa.

Da farko mun yi ƙorafi, Jagoda ba ta kula ba, don ta san ko aljanna aka kai mu sai mun ce akwai iska ta taga. Ita kuma ganye kawai take ci saboda gudun ƙiba. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne ranar da Pani Leokadia, wadda ta taɓa mayar da ruwan sha ta ce bai da ɗanɗano, ta ture kwanonta rabi ta ce, "Na gode, ya yi kyau sosai." A Baluty wannan ta'aziyya ce.

Jagoda ta ɗauki cokali ta ɗanɗana. Murmushin Warsaw ya sauka. Ta ɗebo wani ta miƙa wa uwarta.

"Mama, ɗan taɓa ki ji."

Gienia ta kurɓa, ta saci kallon mijinta. Shi ko ya danne ƙirji, ya yi ja, ya yi iya yinsa, tarin ya ƙwace.

"Da sauran gishiri kaɗan," in ji Gienia.

Jagoda ta dubi uwar, ta dubi uban, ta gane komai. Gienia ma ta san an gane, sai ta kai hannu baya ta fara kwance igiyar rigar girkinta. Wallahi tausayinta ya kama ni.

Jagoda ta ja kujera kusa da ta ubanta, ta zauna, ta ture kwanon.

"Mama, wannan miya ce, ko gishirin da za a kai wa 'yan hukuma su watsa a titi ƙanƙara ta narke?"

Hannun Gienia ya tsaya. A hankali ta mayar da igiyar ta ƙulle.

"Ji mini 'yar nan! Ke da ko ƙwai ba ki iya dafawa ba."

"A'a, ba haka ake yi ba," in ji Alojzy. "Zagi kawai kika yi. Sai kin sa mata yawan ruwan da za ta ƙara a cikin zagin."

Yanzu kujera biyu ce a bakin kicin, don shi ma harshensa ya fara tsufa. Rannan na tambaye shi ya ɗalibarsa.

"Ba ta da baiwa," ya ce. "Tausayi ya yi mata yawa."

Yana faɗa yana goge ido, wai albasar Gienia ce, kullum sai ta sayo mai yaji.