Mahautan Birnin Dutse

A makon jiya, a ajinmu na yaƙi da jahilci a nan Talata Mafara, malaminmu ya ce baƙaƙen bokon da muke koyo sun girmi Turawan da suka kawo mana su. Ya ce asalinsu na Rumawa ne, mutanen dā waɗanda suka zauna a gefen teku, suka gina birane har a ƙasar Libiya. Ya ciro waya ya buɗe hoto, muka riƙa miƙa wa juna. Da ta iso hannuna sai na ga ginshiƙan farin dutse a jere, ga wata ƙofa mai baka, ga rairayi, babu mutum ko ɗaya. Ban taɓa wuce Sakkwato ba a rayuwata, amma na san wurin nan. A ɗakin kakata Ige na san shi, kuma tun daga lokacin nake tsoronsa.

Mu mahauta ne kaka da kakanni. Ƙauyenmu yana bayan Gidan Goga, a ƙasar Maradun. Idan ɗari ya shigo, bayan sallar lisha mu jikoki mukan taru a ɗakin Kaka Ige. Takan hura wutar kara a tsakar ɗaki, ta binne dankali a toka, ta miƙe ƙafafu tana kaɗi. Ɗakin yana ƙanshin hayaƙi da man shanu. Ni take kira maigidanta, kuma ba ta bari in zauna ba ta tsokane ni ba.

"Maigida, yau ma hannu wofi? Miji ɗan mahauta, ko ganda ba a kawo wa amarya."

Yawanci tatsuniyar Gizo take yi mana. Idan ta kai ƙarshe ta ce ƙurunƙus, ta ce duk ƙarya ta shirga mana don mu bar ta ta huta. Da wannan muke barci hankali kwance. Amma akwai labari ɗaya da ba ta buɗe shi yadda ake buɗe tatsuniya, ba ta kuma rufe shi. Takan ajiye mazari kawai, ta dubi wuta.

"Wanga ba na Gizo ne ba," in ji ta. "Kakana Bawa ya gani da idonai."

Bawa mahauci ne, amma a ƙuruciyarsa ya bi ayarin fatake masu kai jar fata Tarabulus. Sun yi watanni a hamada kafin su iso bakin ruwan gishiri wanda ba a hango ƙarshensa. A can wani raƙumi ya tsinke, aka tura Bawa nemansa. Ya bi sawu ya hau wani tudun rairayi, da ya gangaro sai ya tsinci kansa cikin gari.

Kaka ba ta gaggawa a nan. Takan ce ginshiƙan kamar giginyar da aka sare wa kai suke, sumul, fari fat, mutum biyu ba su iya rungume ɗaya. Titi kuwa da dutse aka shimfiɗe shi, har da gurbin da ƙafafun keken shanu suka ci. Ƙofar garin baka ce ta zallan dutse, ba azara, ba itace, kowane dutse ya danne ɗan'uwansa sun tsaya a sama, ba abin da ya tokare su. Akwai wani wuri mai matakala kamar rabin ƙwarya, inda Bawa ya yi tari a ƙasa, tarin ya dawo masa daga can sama kamar wani ne ya amsa. A daɓen wani ɗaki ya ga kifaye da aka jera da ƙananan tsakuwa masu launi, har ya ɗage ƙafa don kada ya jiƙe. Ya yi sallama a ƙofofi da yawa. Iska ce kawai.

"Sai ya ga mace tsaye," in ji Kaka, tana rage murya. "Zanenta da lanƙwasa kamar yanzu ta ɗaura shi. Ya ce mata sannu baiwar Allah. Da ya ɗaga ido, ba ta da kai."

A nan ƙannena kan cusa fuska a cinyarta. Ni ba macen ce ke hana ni barci ba, abin da ya biyo baya ne.

A jikin wani bango Bawa ya ga mutane na dutse sun kawo bijimi yanka. Bijimin ba shi da tozo, ba irin namu ba ne. Amma mutumin da ke riƙe da shi, hannunsa ɗaya a ƙaho, yatsun ɗaya hannun cikin hanci, ya murɗe wuyan dabbar zuwa ƙasa, ya kafa ƙafarsa ta baya ya jingina da kafaɗa. Jijiyar damtsensa ta tashi. Wani ya durƙusa a gefe da wuƙa yana jira. Bawa ya tsaya yana kallon riƙon nan. Haka ubansa ya koya masa riƙon sa, haka kakansa ya koya wa ubansa. Sai ya ce a ransa, waɗannan ba aljanu ba ne, ba kuma zane ba ne. Mahauta ne, 'yan'uwanmu, suna cikin aiki aka daskarar da su.

"Mi sunka yi, Kaka?" Kullum sai ɗayanmu ya tambaya, ko da yake mun san amsar.

"Ba su yi komi ba, 'yan nema. An dai aiko musu cewa bala'i na tahe, su tashi. Sunka dubi ginin nasu, sunka ce, wa za mu bar ma wanga? Wanga ya ce bari in ƙare daɓe. Waccan ta ce bari in ɗaura zane. Mahauci ya ce bari in gama da bijimin ga. To, sai anka bar su da abinsu."

Bawa ya dawo gida bai sake bin ayari ba. Amma ƙofar nan ba ta fita daga kansa ba. Ya kira magini, ya zana masa baka a ƙasa da tsinke, suka yi ta gwadawa da laka da azara yana rushewa, har ya tsaya. Shi ne zauren gidanmu. A duk ƙauyen ba mai irinsa, kuma kowace shekara kafin damina ake sake yaɓe shi. Bayan na ji labarin nan, idan zan ratsa zauren da gudu nake yi, ba na ɗaga kai.

Wata safiya aka aike ni mayanka in kai wa Baba igiya. Mayankar tana ƙarƙashin wata tsamiya a bayan gari. Ina isa na tarar ya kama wani jan sa, hannu a ƙaho, yatsu a hanci, ƙafa a kafe. Liman ya durƙusa da wuƙa. San ya turje, Baba ya turje, sai duk suka tsaya cik, ba mai motsi. Na ga jijiyar damtsensa. Ban san lokacin da na yar da igiyar ba, na ruga na rungume ƙafarsa ina ja, ina kuka ina cewa ya saki, ya taho mu tafi. San ya fizge, kofatonsa ya wuce ta gefen kunnena. Da ƙyar aka danne shi.

Na sha bulala a ranar. Da yamma Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin Kaka ya gaishe ta, ya daɗe yana gaisuwa, sannan ya ce, "Inna, don Allah ki rage ba yaran ga labarin mutanen dutse. Yau saura kaɗan in rasa ɗa."

"Kai ma da shi na raine ka," in ji ta. "Ka mutu?"

Da ya tafi ta jawo ni, ta ɓare mini dankali. "Maigida matsoraci. In ka ga ya tsaya, je ka tsunkule shi. In ya zage ka, to mutum ne." Na ɗauki maganar da gaske. Na yi shekaru idan Baba ya kishingiɗa a zaure da rana, sai in lallaɓa in taɓa hannunsa in ji ko da ɗumi.

Kaka ta rasu ina saurayi. Na girma, na gaji wuƙa, na yi iyali, na ɗauka na bar tsoron nan a ɗakinta. Sai 'yan bindiga suka fara. Da fari shanu suke kora, daga baya mutane. Gida-gida aka riƙa ɗaure kaya, wasu suka nufi Bakura wajen dangi, wasu Maradun. Ni na kwaso matata da yara muka zo Mafara, na samu tebur a kasuwa. Baba ya ce mu yi gaba, zai biyo mu idan an kwashe gero. Aka kwashe gero. Ya ce sai ya ga bayan azumi. Yanzu shi da tsofaffi 'yan kaɗan suka rage a garin.

Kwanakin baya na yi kasada na je da rana tsaka. Ciyawa ta cinye hanyar masallaci. Na ga turmi a tsakar wani gida da taɓarya a ciki, na ga zane a kan igiya rana ta cinye launinsa. Ban ji ko kukan kaza ba. Da na hango zaurenmu, ga Baba zaune ƙarƙashin bakan, ya jingina da bango, carbi a hannu, ba ya motsi. Ni da furfura a gemuna, sai da na tsaya ina jira in ga ya motsa kafin in ƙarasa.

"Wa ke nan? Sani? Mi ya kawo ka cikin ranar ga, ba ka da aiki?"

Muka gaisa, na tambayi jiki, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce, "Baba, ka tuna labarin da Kaka ke ba mu?"

"Uwata ce, na riga ka jin shi." Ya ja carbi. "Kai tsoro ka ɗauka ciki. Ni abin da na ji, mutanen nan har Bawa ya je suna garinsu. Waɗanda sunka gudu fa, wa ya san inda sunka kwanta?"

Na dawo ni kaɗai kafin la'asar, domin bayan la'asar ba a bin hanyar.

Ranar da malam ya nuna mana hoton, na tambaye shi ko gaskiya ne mutanen dutse suka koma. Bai yi mini dariya ba. Ya ce a'a, masu sassaƙa ne suka sassaƙa su, sana'arsu ce, kamar yadda fawa take tamu. Na yarda da shi. Na ma ji wani sanyi a raina, domin duk wanda ya sassaƙa riƙon nan ya daɗe tsaye a mayanka yana kallon mahauci, ya ga aikinsa ya isa a ajiye. Sai na tambaya, to mutanen garin fa, ina suka tafi? Ya ce yaƙi ya zo, ciniki ya mutu, suka watse da kaɗan-kaɗan, rairayi ya rufe sauran.

Da ina yaro na ɗauka Kaka tana ba mu labarin azaba ne. Yanzu ina ganin ta san mutanenta ne kawai. Ta san mutum ba ya cewa ba zan tashi ba, cewa yake bari in gama. Kuma ban iya ganin laifin Baba, domin abin da yake tsaro kakan uwarsa ne ya ɗauko shi a ka tun daga bakin teku, ba ya shiga buhu, ba ya hawa mota. Amma ni ba zaure nake so a bar mini ba.

Shekaranjiya wani mai babur ya kawo mini saƙon Baba. Ya ce an kwaɓa laka, in bar shi ya gama yaɓen bana, sannan in zo da mota da safe, washegarin kasuwar Talata. Na sha jin irin wannan saƙon. Matata ta ce kada in sa rai. Duk da haka na share ɗakin da ke kusa da ƙofa, na shimfiɗa tabarma, na kuma yi magana da direba.