Malamin da Ya Zo Ba Takarda

Shekarar da mutanen Mubi da Michika suka kwararo Jimeta gudun hijira, ina koyar da lissafi a wata sakandare mai zaman kanta. Lokacin ba wanda ya yarda da wani. Ni kaina sai an zazzage jakata a bakin get kafin in shiga, alhali maigadin ya san har sunan mijina.

Wata Talata shugaban makaranta ya kira ni ofis. Na tarar da wani dogon mutum a zaune, silifas ɗinsa ƙafa ɗaya shuɗi ɗaya baƙi.

"Adda," in ji shugaban, haka yake kirana, wato Yaya da Fulatanci, "wannan ya ce malamin lissafi ne daga Michika, wai takardunsa sun ƙone. Ki gwada shi. In malami ne mu ɗauke shi, in ƙarya yake in kira jami'an tsaro."

A gabansa ya faɗa, ko kunya babu. Ni ma dai ban ji tausayinsa ba. Me ya kawo shi makarantar da yara suka cika? Wa ya nuna masa hanya? Raina ya ba ni leƙen asiri ya zo yi wa mutanen daji, 'yan bindigar da suka koro su.

Na kai shi ajin da ba kowa, na bar ƙofa a buɗe, na tsaya kusa da ita. Na rubuta masa tambayar da nake ji da ita, wadda na daɗe ina kayar da ɗalibai da ita. Akwai fankshan f, wata ƙa'idar lissafi, da ba a sani ba. An ce intigiral ɗinsa, wato jimillar abin da ya taru daga 1 zuwa x², ya ba da x⁴. A nemo f. Dabarar ita ce ka difarenshiyet ɓangarorin biyu, wato ka nemo saurin canjinsu, kada kuma ka manta iyakar sama tana motsi, dole 2x ya fito. A nan 'yan ƙarya suke faɗuwa.

Ya karɓi alli da hannu biyu. Ya rubuta 2x sau f(x²) daidai da 4x³, bai ko tsaya tunani ba. Saura layi ɗaya ya ce f(t) shi ne 2t. Sai ya tsaya cak.

Ya yi ta kallon allo, ni kuma ina kallon ƙeyarsa. Na ce a raina, to, haddar ta ƙare. Har na fara shirya abin da zan faɗa wa shugaba, kuma wallahi daɗi nake ji na kama shi.

"Malam, ka ƙarasa mana. Ba kwana za mu yi ba."

"Malama, ki yi haƙuri," ya ce da Hausarsa ta mutanen can, "wannan tambaya ba shi da amsa."

Raina ya ɓaci. Na ce ni zai koya wa aikina?

Bai yi musu ba. Ya ce in sa x ya zama 1. Daga 1 zuwa 1 ba a tara komai ba, hagu sifiri ke nan, dama kuwa ta ba da 1. Sifiri ba zai zama ɗaya ba. Sai in an rubuta x⁴ a cire 1, sannan amsa ta zama 2t.

Na duba, na sake dubawa. Gaskiyarsa ce. Shekara da shekaru ina ba da tambayar nan a gurguje, ina jan jar biro, ba ɗalibin da ya taɓa ɗaga min hannu.

Ya ajiye allin. Ya san in ya rubuta 2t ya yi shiru ya tsira, ya kuma san ni ce zan yi magana a kansa.

"Me ya sa ba ka rubuta kawai ba?"

"Na yi tsammani tarko ne kika sa min," ya ce. "Tun da na fito gida kowa tarko yake sa min."

Kunya ta rufe ni, don ba tarko ba ne, jahilcina ne. Na koma ofis na ce wa shugaba malami ne, ya ma fi ni. Aka ɗauke shi. Har ya bar makarantar, kullum da safe tun kafin ya iso get yake buɗe jakarsa, ko da maigadi bai tambaya ba.