Likkafanin Baba Ɗanasabe

Baba Ɗanasabe, wan mahaifina, shi kaɗai ya rage mai noman auduga a ƙauyenmu da ke kusa da Malumfashi. Kowa ya koma masara da waken suya, shi kuwa ya kafe a kan ɗan feginsa na bayan gida. Waken suya a wurinsa abincin kaji ne. Sai dai da awarar da matarsa Inna Mero ke soyawa ake cefanen gidan, kuma ban taɓa ganin ya mayar da kwano da saura ba.

Da tsufa ya kama shi sosai, sai ya ƙulla buri guda: a binne shi cikin likkafanin da aka saƙa da audugar gonarsa, kamar yadda aka yi wa ubansa. Inna Mero ta ce ita ta ma manta inda ta jefar da mazarin kaɗinta. Nan ya tuno da Manu, wani masaƙi a Bakori da matarsa ke kaɗa zare, ya ce in raka shi.

Muka shiga motar Funtua da buhun audugarsa. Direba ya yi ya yi a sa buhun audugar a baya, Baba ya ƙi, ya rungume abinsa a cinya. Tun daga tasha yake nuna mini wurare ta taga, yana gaya mini abin da babu. Nan ne kasuwar auduga inda jakuna ke yin layi, yanzu gidan mai ne. Can gonar wane ce, an kewaye ta ana kiwon kaji. Gidajen ƙasa sun ɗora sola a ka, Keke Napep na ta nishi da buhunan taki. Wata mata ta taɓa buhun ta tambaya ko katifa za mu yi. Bai ko kalle ta ba.

A Bakori muka tarar Manu ya daɗe da rasuwa. Ceɗiyar da yake saƙa a gindinta tana nan, amma ɗansa Kamalu ya kafa rumfar cajin waya da cire kuɗi a wurin. Ya karɓe mu da mutunci, ya ce itatuwan masaƙar tun wata damina aka hura wuta da su.

Na ce mu juya, Baba ya ce sai Funtua. Muka je kamfanin gurzar audugar da ya sha kai wa kaya yana saurayi. Maigadi ya ce injina sun daɗe da yin shiru, yanzu waken suya ake ajiyewa a ciki. Na kawar da kai don kada Baba ya ga fuskata, saboda har da nawa waken a wurin.

Da ƙyar na ja shi kasuwa wurin masu yadi. Mai shago ya warware farin ƙyalle yana ta yabonsa.

"Baba, wannan daga Chana yake. Ba ya yamutsewa, ba ya ruɓewa."

Baba ya murza shi da yatsu ya ajiye.

"Ɗana, ni ruɓewa zan yi. Shi kuma wa zai tsaya jira?"

Na yi dariya a lokacin. Da muka kamo hanyar gida na ga bai ƙara nuna komai ta taga ba, sai tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Bayan kaka Baba ya cika. Ni na hau babur na je na sayo wannan ƙyallen da ba ya ruɓewa. Da aka gama yi masa wanka, liman ya ce a samo 'yar auduga. Inna Mero ta kwance buhun da hannunta, ta tsakuro kaɗan ta miƙo daga bayan ƙofa. Da ita aka toshe masa hanci da kunnuwa, kuma iyakar abin da ya bi shi daga gonarsa ke nan.