Saiwar Tsamiyar Baba Labbo

Ni ɗan gidan masu bi ne. An haife ni a wani ƙauye a ƙasar Zuru. Mahaifina dattijon ikilisiya ne, mahaifiyata kuma ita ke share majami'a kowace Asabar. Firamare kaɗai na gama. An yi mini baftisma a rafin garinmu ina saurayi, ina kuma cikin mawaƙa, har mutane suna cewa wata rana zan zama mai bishara. Ba zan faɗi sunana ba saboda 'ya'yana. Abin da na aikata ne zan faɗa, domin ku samari masu tasowa ku ji daga bakin wanda ya yi.

Lokacin da aka fara aikin dam na Bakolori, samarin garinmu da yawa suka nufi Talata Mafara neman aiki, ni ma na bi su. Da yake na iya karanta lamba, sai aka sa ni bayan wani safiyo, wato mai awon ƙasa. Ni ke jan tef, ni ke kafa turakun katako inda ya nuna. Aikinmu a gonakin Bakura yake. Mukan auna gonar kowa, sannan katafila ta zo ta baje ƙasar don ruwan dam ya iya bin ta. Katafila ba ta barin komai. Itatuwa, shinge, suri, tsohuwar rijiya, duk abin da manomi yake gane iyakarsa da shi sai ta kwashe. In ta gama, fili ya zama kamar an shimfiɗa tabarma. Takardar awo tana can ofis, manomi bai taɓa ganin ta ba. Abin da yake gani turke ne, turke kuwa a hannuna yake.

A Birnin Tudu na san Baba Labbo. Dattijo ne manomi, yana da ɗa guda, Bello, wanda bai daɗe da aure ba. A tsakiyar gonarsa akwai wata babbar tsamiya wadda kowa a garin ya sani, a inuwarta muke hutawa da rana. Matarsa Inna Hajo takan aiko da fura, shi kuma sai ya tura mini ƙwaryar, ya ce in sha in yi ƙiba kada mutanen Zuru su ce an bar ɗansu da yunwa. Ɗan Zuru yake kira na. Ya san ni Kirista ne, bai taɓa nuna mini bambanci ba. Ana gobe katafila za ta shiga gonarsa, ya dafa jikin tsamiyar ya ce mini, "Ɗan Zuru, in sunka kada iccen ga, ba ni ƙara gane gonata. Kai ne idona." Na ce masa kada ya damu.

Maƙwabcinsa a gona shi ne Alhaji Garba, dillalin shanu a kasuwar Mafara. Shi Injiniya yake ce mini, ni da ko sakandare ban shiga ba, kuma sunan ya yi mini daɗi. Ya fara aiko mini da nama duk ranar Talata. Mako uku ina ci bai roƙe ni komai ba. A na huɗu ya ce akwai wani turke a kusurwar gonarsa da yake ganin ya shigo ciki, ko zan gyara masa da taki ɗaya. Ya ce taki ɗaya ko akuya ba ta kwanciya a ciki.

Ranar Juma'a na yi shi. Duk Juma'a da azahar leburori da manoma sukan tafi masallaci, a bar ni gadin kayan awo, tunda ni ba na zuwa. Fili ya zama ba kowa. Na cire turken, na taka ɗaya, na sake kafa shi. Ranar Lahadi na je sujada a rumfar kwano da muke taruwa a sansanin ma'aikata, na rera waƙa kamar kullum. Na yi ta jiran wani abu ya same ni, ko ciwon kai ne. Ba abin da ya same ni. Wannan shirun shi ya lalata ni, domin na ɗauka Allah bai kula ba.

Bayan wata biyu Alhaji ya kawo mini sabon keke. A lokacin an riga an haƙa babbar hanyar ruwa, ta bi ta gefen gonar Baba Labbo, sashen da tsamiyar take a da ya zama mafi kyau a duk wurin. Wannan sashen Alhaji yake so. Wannan karon taki talatin ne. Na kwana biyu ina cewa ba zan yi ba, amma keken yana jingine a ɗakina, ban mayar ba. Juma'a ta zo, ina jiyo kiran salla daga cikin gari, na ciccire turakun Baba Labbo na mayar da su can baya, kan tudun tsakuwa inda ruwa ba ya hawa.

Ranar da aka mayar wa manoma gonakinsu, Baba Labbo ya tsaya inda aka nuna masa. Ya duƙa ya ɗebi ƙasar, ya murza, ya shinshina, ya ce wannan ba ƙasar ubansa ba ce. Ya waiwaya ko'ina, ba wata alama da zai kama. Sai ya kira ni a gaban jama'a ya tambaye ni ko nan ne. Na ce, "Baba, tef ba ya ƙarya." Ya daɗe yana duba na. Ya ce, "To, Allah na nan." Ya kakkaɓe hannunsa ya tafi.

Da aka gama awo a yankin aka sallame mu. Ban koma gida ba. Na riƙe hular kwano da wani tsohon tef, na hau kekena na shiga ƙauyukan Maradun da Bakura ina cewa ni safiyo ne, za a sake awo, wanda ya gan ni da alheri gonarsa ba za ta ragu ba. Mutane sun riga sun tsorata, sai suka yi ta ba ni kaji, da awaki, da buhunan gero. In na ja tef a gonar mutum na rubuta wani abu a takarda, har addu'a yake yi mini. Na daina zuwa sujada, na fara shan giya.

A kasuwar Mafara aka kama ni, ranar Talata. Na kai wata akuya sayarwa, ashe mai ita, wata gwauruwa daga Garbadu, ta zo kasuwa. Ta kira akuyar, akuyar ta fizge igiya ta nufe ta. Kafin 'yan sanda su iso an fasa mini baki. A kotu mutane suka yi ta zuwa suna ba da shaida, aka yanke mini shekara uku. Cikin duk abin da aka lissafa ba a ambaci gonar Baba Labbo ba, domin ba wanda ya sani sai ni da Alhaji. Ina tsaye gaban alƙali ina murna da hakan a raina.

A gidan yari akwai wani tsohon mai bishara, Malam Yohanna, da yake zuwa duk Lahadi ya yi sujada da mu 'yan kaɗan. Nan da nan na zama mai ba da waƙa. Ina so ya ga ni ba kamar sauran ba ne, ɗan gidan kirki ne da tsautsayi ya faɗa wa. Wata Lahadi ya yi koyarwa a kan tsarkin Allah. Ya ce yawancinmu mun ɗauki Allah kamar wani babban oga da za a lallaba da kyauta ya kau da ido. Ya ce Allah Mai Tsarki ne, mugunta ba ta iya tsayawa a gabansa, ƙarama ko babba, kuma ba ya matsar da iyakarsa don kowa. Ya ce akwai ranar shari'a, a ranar kuwa ba abin da alƙalin duniya ya ji kaɗai za a duba ba, har abin da aka binne za a tono.

Bayan an tashi na same shi na ce ni dai na tuba, ga shi ina shan hukuncina. Ya tambaye ni ko abin da aka ɗaure ni a kansa shi ne duk abin da na yi. Ban san lokacin da na ba shi labarin turakun ba. Don in rage wa abin nauyi na ce ai ba wanda ya gani, kowa ya tafi Juma'a.

Ya ce, "Ɗana, da suka tafi neman Allah, ka ɗauka ya bi su ne ya bar maka filin?"

Sai na ce ai Yesu Almasihu ya mutu saboda zunubanmu, ai maganar ta wuce ke nan. Ya ce gaskiya ne, jinin Almasihu ya isa wanke abin da ya fi wannan, kuma gafara ba sayen ta ake yi ba, alheri ne. Amma ya ce tuba juyowa ce. Ya ce, "Turakun nan suna nan inda ka kafa su. Kana kulle a nan, amma duk damina kana sake satar gonar tsohon nan."

Daga ranar na kasa waƙa. In muka zo wurin da ake cewa Mai Tsarki sai in tsaya, sauran su ci gaba. Na fi wata guda a haka. Tsoron da ban ji gaban alƙali ba shi ya kama ni, domin na gane wanda na raina ba Baba Labbo ne kaɗai ba. Wata rana muna noma a gonar gidan yari na ajiye fartanya na durƙusa tsakanin kunyoyin gonar, na gaya wa Ubangiji abin da na yi, na kira laifin da sunansa, ban ƙara masa ado ba. Na roƙi jinƙai. Na yi alkawari in na fita ba zan ga mahaifiyata ba sai na ga Baba Labbo.

Ranar da aka sake ni na wuce tashar motar Zuru na shiga ta Bakura. Na tarar da Baba Labbo a ƙofar gida yana tufka igiya, ya rame, ya tsufa fiye da shekarun. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kamar jiya muka rabu. Na durƙusa na faɗa masa komai. Bai daina tufkarsa ba. Ya ce ya sani tun ranar da na kasa haɗa ido da shi, abin da zai nuna ne ba shi da shi. Na tambayi Bello. Ya ce tudun tsakuwa bai ba su abin da zai kai su rani ba, sai Bello ya tafi kudu yin dako. A shekara ta biyu motar da ya hau ta kife. A can aka binne shi. Matarsa ta koma gidan iyayenta.

Washegari muka je wurin hakimin garin, aka kira Alhaji Garba. Ya yi dariya ya ce yaushe maganar fursuna ta zama shaida. Na ce yana da gaskiya, kada kowa ya yarda da bakina, a yarda da ƙasa. Na tambayi dattawa ko sun shaida tsamiyar a tsakiyar gonar Baba Labbo take, duk suka ce haka ne. Na ce katafila ta kayar da ita amma ba ta tono saiwarta ba, kuma ni na ja tef daga wani ginshiƙin siminti da ke bakin gada zuwa gindinta a lokacin awo, ban manta ba.

Muka ɗunguma zuwa fili. Na auna daga ginshiƙin, awon ya kai ni tsakiyar albasar Alhaji. Na karɓi diga na fara haƙa. Rami ya kai gwiwa, ba komai. Wani ya ce Injiniya ya sake awon giya, aka yi dariya. Na ci gaba da haƙa, domin na san in ban same ta ba, na ƙara wa tsohon nan kunya a kan rashi. Da rami ya kai ƙugu, diga ta bugi abu ta yi tsalle. Na share ƙasar da hannu, ga saiwa mai kauri kamar cinyar bijimi. Baba Labbo ya sa aka riƙe shi ya sauka cikin ramin. Ya ɓantari ɓawon, ya kai hanci, ya ce, "Ita ce." Ba wanda ya ƙara dariya.

Hakimi ya yanke cewa in Alhaji ya cire albasarsa, gona ta koma ga mai ita, haka kuwa aka yi. Da muka dawo gida na sake roƙon Baba Labbo gafara. Ya ce, "Nawa na yahe maka, Ɗan Zuru. Na Bello ba shi hannuna." Ya kira Inna Hajo ta kawo mini fura. Ta kawo, ta ajiye a gabana, ta koma ciki ba ta dube ni ba. Na sha, domin ƙin sha zai zama wani raini. Ban taɓa haɗiye abu mai wuya kamarta ba.

Na gaskata Allah ya gafarta mini saboda Almasihu, a kan wannan nake tsaye har yau. Amma gafarar ba ta dawo da Bello ba, kuma ban roƙi Allah ya mantar da ni shi ba.

Ku samari, ban fara da taki talatin ba. Da nama na fara, da sunan da ba nawa ba, da taki ɗaya. In wani ya fara ba ku abin da ba ku yi wa aiki ba, ku tambaye shi tun a ranar me yake so. In kun yi laifi kuka ga ba abin da ya same ku, kada ku ce Allah bai gani ba, lokaci yake ba ku ku juyo. In kuma akwai turken da kuka matsar a gonar wani, ko wane iri ne, kada ku tsaya ga hawaye a majami'a, ku je ku mayar da shi tun mai gonar da 'ya'yansa suna da rai. Ni na je, amma na makara da shekara biyu. Na tsaya cikin ramin nan jama'ar gari ɗaya suna kallon abin da na binne, na ji kamar ƙasa ta rufe ni. Ranar da Mai Tsarki zai yi nasa haƙan, ku roƙe shi ya tarar kun riga kun tono naku da hannunku.